Majami'ar da ta tsaya a bakin teku: sawun Fotugal a tarihin Hausawa

Motar da ta taso daga Kano za ta Jos takan bar titin Zariya a Kwanar Dangora, ta ratsa Tudun Wada, ta kutsa dajin Falgore, sannan ta ɓulla ƙasar Doguwa, inda duwatsun Riruwai suka yi wa gonakin masara rumfa. Masallatai ne ke cika idon matafiyi a wannan hanya, manya da ƙanana. Amma mai lura, in ya saki kwalta ya bi burtali, zai riƙa cin karo da wani ɗan gini mai rufin kwano da gicciye a goshinsa, ga allo a bakin ƙofa an rubuta ECWA, ko Katolika, ko Angilikan, ko Baftis. Masu shiga wurin Maguzawa ne da suka karɓi addinin Kirista, da Kurama na gindin duwatsu, da baƙin da noma ko haƙar kuza ko aikin gwamnati ya kawo.

A bakin talaka sunan ginin coci. A rubuce ana cewa majami'a. Jama'ar da ke taruwa a ciki kuwa, su ne ikilisiya, ko ekklesiya kamar yadda take a sunayen HEKAN da TEKAN da EYN. Dattijon da ya ce "ikilisiyarmu" a Doguwa da tsohuwar da ta ce igreja a Lisbon ko Luwanda, uwa ɗaya ce ta haifi kalmominsu: ekklesia ta Girkanci, wato taron mutanen da aka yi wa kira. Zumuncin dai a nan ya tsaya. Hanyar da igreja ta biyo zuwa Afirka daban, wadda ta kawo coci kudancin Kano daban. Turawan Fotugal sun riga kowane Bature kafa majami'a a yammacin Afirka da shekaru fiye da ɗari, amma ba su taɓa aza tubali ko ɗaya a ƙasar Hausa ba. Duk da haka Hausawa sun shiga majami'unsu, dubbai ma kuwa, ba da son ransu ba, a can ƙetaren teku.

Majami'ar sarki

A shekarar 1482, lokacin Muhammadu Rumfa yana kan gadon sarautar Kano, jiragen Fotugal suka sauke duwatsu da magina a gaɓar da yau ake kira Elmina a Ghana. Kafin a soma ginin ganuwar, sai da limamansu suka yi sujada a gindin wata bishiya. Haka tsarinsu yake ko'ina: ganuwa, rumbun ajiyar kaya, majami'a, duka cikin katanga ɗaya. Filafilan jiragen ma gicciye ne ja a jikinsu.

Dalilin wannan haɗi yana cikin wasu takardu da Paparoma Nikolas na Biyar ya ba sarkin Fotugal a 1452 da 1455. Takardun sun ba shi ikon ƙasashen da jiragensa suka isa, har da izinin bautar da Musulmi da waɗanda ba Kirista ba. A madadin haka sarki ya ɗauki nauyin addini a waɗannan ƙasashe: shi ke zaɓen bishof, shi ke karɓar zakkar coci, shi ke biyan limamai, shi ke gina majami'u. Wannan tsari, da suke kira padroado, ya mayar da limami ma'aikacin fada. Inda cinikin sarki ya kai, nan limami ke kaiwa. Inda riba ta ƙare, nan shi ma yake juyawa.

Ribar kuwa ta bar shaida. Katafaren gidan ibada na Jerónimos da ke Lisbon, wanda aka soma a farkon shekarun 1500, da harajin kayan yaji da sauran hajar Afirka da Indiya aka gina shi, kuma a cikinsa kabarin Vasco da Gama yake. A tsibiran Kef Bad akwai majami'ar da aka gina a 1495 tana tsaye har yau. A tsibirin Mozambik akwai ta 1522. A Gowa ta Indiya akwai Bom Jesus, a Makawo ta Sin akwai bangon gaba na majami'ar São Paulo, wanda shi kaɗai gobarar 1835 ta bari. Mutanen Indunusiya har gobe gereja suke ce wa coci. A gabashin Afirka kuwa, masana harshe da dama na ganin daga igreja ne Swahili ya samo gereza, wato kurkuku, don majami'un da mutanen gaɓar suka fara gani a cikin ganuwar soja suke.

A ƙasar da ta zama Nijeriya, Benin suka fara taɓawa. João Afonso de Aveiro ya isa can wajen 1485, ya tarar da barkonon da ya burge Lisbon. A zamanin Oba Esigie, wajen 1515, limamai suka zo, aka yi wa wasu 'yan fada baftisma. Abin da Oba yake so shi ne bindiga. Abin da Lisbon ta ce shi ne sai ya tuba tukuna. Cinikin bai faɗa ba. A Warri abin ya fi daɗewa. Limamai daga tsibirin São Tomé suka shiga fadar Itsekiri a shekarun 1570, wani Olu ya karɓi sunan Sebastian, ya kuma tura ɗansa Domingos karatu Fotugal a 1600. Domingos ya dawo da mata Baturiya, ya hau sarauta, kuma gidan ya riƙe addinin tsawon zuriyoyi. Sai dai a kan yi shekaru babu limami ko ɗaya a garin, saboda zazzaɓi na kashe su, kuma jirgi ba ya zuwa sai da dalilin ciniki. Sujada da Latin ake yi. Ba wanda ya juya littafi zuwa harshen mutanen gari. Addinin ya zauna a fada, bai fita kasuwa ba, da fadar ta sake shi kuma sai ya bushe. A Kongo ne kaɗai, inda sarki ya karɓi baftisma a 1491 kuma ɗansa Afonso ya buɗe makarantu da malaman gida, ya yi saiwa.

Limaman Katolika na farko da aka tabbatar sun taka ƙasar Hausa ba ta teku suka zo ba, kuma ba Fotugal ce ta aiko su ba. Rum ce ta turo su. Fada Carlo na Genoa da abokinsa Severino sun bar Tarabulus a 1710, suka bi ayarin fatake ta Fezzan da Agadas, bisa jita-jitar cewa akwai Kiristoci a ƙasar Kwararrafa. A Katsina ciwo ya kama su, suka mutu a 1711, ba su bar mabiyi ko ɗaya ba.

Yadda coci ya iso kudancin Kano

Kusan shekara 190 bayan haka, wasu suka sake gwadawa. A 1900 Bishof Tugwell na mishan ɗin CMS ya iso Kano da 'yan rakiyarsa, cikinsu da wani matashin likita, Walter Miller. Sarki Alu Babba bai ɓata lokaci ba, ya ba su 'yan kwanaki su fice. Da Turawan mulki suka ci ƙasar, su ma ba su buɗe ƙofar ba, don sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba. Miller ya samu zama a birnin Zariya a 1905, ya yi shekaru yana jiran masu zuwa.

Waɗanda suka zo masa a 1913 labarinsu ya shafi wannan yanki kai-tsaye. Almajiran wani Malam Ibrahim ne, malamin Kano da ya duƙufa kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, har aka kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Mabiyansa, da ake kira Isawa, suka watsu zuwa iyakar Kano da Zazzau da Ningi, ƙasar duwatsu da dazuzzuka inda hannun sarki ba ya saurin kaiwa. Wasu daga zuriyarsu suka karɓi koyarwar Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, sauran suka koma Zariya. Daga wannan tsatso Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Da mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, maginan Hausa ne suka gina majami'ar St Bartholomew da jar ƙasa, da bakan gizo irin na soron sarakuna. Wanda bai ga gicciyen ba zai ɗauka zauren wani basarake ne.

A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. A cikin shekarun 1930 aka sassauta wa mishan, ƙungiyar mishan ta SIM ta shigo lardin Kano ta ƙofar magani: asibitin kutare na Yadakunya, sannan asibitin ido na Kano a 1943. Majami'un da ta kafa suka zama ECWA a 1954. Yawancin Maguzawan da suka zama Kirista kuwa daga baya ne, musamman daga shekarun 1970, kuma galibi ta bakin masu bishara 'yan Arewa, masu keke da fitilar ƙwai, ba ta bakin Bature ba.

Shi ya sa ranar Lahadi a ƙauyen Tudun Wada ko Doguwa ba ta kama da ta Lisbon ta kowace fuska. A wurare da yawa ƙararrawar ma tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen bishiya, yaro ya samu guntun ƙarfe ya yi ta bugu. Maza gefe, mata gefe. 'Yan zumuntar mata, da zane iri ɗaya da ɗankwali iri ɗaya, su ke riƙe da waƙa, da ganga da kacau-kacau da tulun da ake bugun bakinsa da tafin hannu. Addu'a da Hausa, wa'azi da Hausa, a ce Allah, a ce Ubangiji, a ce Yesu Almasihu, a ce amin. In kaka ta yi, ranar godiya, baikon ba a faranti yake zuwa ba: buhun masara ne, da damin dawa, da kaji an ɗaure musu ƙafa, a jibge a gaban bagade. Da irin wannan ake sayen kwanon rufi, a kuma ciyar da fasto. Babu sarkin da ya ba da ko sisi.

Zaman ma ba kullum yake lami lafiya ba. A watan Satumbar 2007 rikici ya tashi a garin Tudun Wada, aka yi asarar rayuka, aka ƙona majami'u da shaguna. Samun filin gina coci kuma tsohon kuka ne na Kiristocin jihar. Amma kasuwa ɗaya ake ci, taki ɗaya ake nema, kuma a gidaje da yawa wa Musulmi ne, ƙane Kirista, kakansu kuma ya mutu yana bautar gargajiya.

Hausawa a ƙasar majami'u

Yayin da ƙasar Hausa ta yi nisa da igreja, yaƙi ya ɗauki 'ya'yanta ya kai su tsakiyarta. Bayan ɓarkewar jihadi a 1804, kamammu daga ɓangarorin biyu suka riƙa gangarawa kudu ta Nupe da Oyo, hannu zuwa hannu, har Ikko da Porto-Novo da Wida. A can jiragen Bahiya ta Burazil ke jira da tabar da aka shafa wa ruwan rake. Burazil ta karɓi 'yan Afirka fiye da miliyan 4, fiye da kowace ƙasa a nahiyar Amurka, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar da ta soke bauta, a 1888.

Birnin da aka sauke su, Salvador, mutanensa kan yi alfaharin cewa suna da majami'u 365, kowace rana da tata. Ƙidayar baki ce, amma wanda ya tsaya a tsohon garin ba zai yi gardama sosai ba. Akwai ta São Francisco, wadda aka lulluɓe cikinta da sassaƙen katako mai ruwan zinari tun daga ƙasa har sama (wani ɓangaren silin ɗinta ya rufto a Fabrairun 2025, ya kashe wata matashiya mai yawon buɗe ido). Kuɗin rake da zinari ne suka gina ta, hannun bayi kuma ya yi aikin.

Doka ta wajabta wa ubangida ya kai bawansa a yi masa baftisma. Dokokin da babban bishof na Bahiya ya fitar a 1707 har da 'yar gajeriyar tambaya da amsa da aka tsara don bayin da ba su iya harshen ba. A yayyafa ruwa, a ba mutum sabon suna, shi ke nan an rubuta shi Kirista. Saboda haka malamin da ya haddace izu da dama a Katsina ko Zazzau sai ya wayi gari sunansa José ko Antônio. Takardun kotun Bahiya sun adana sunan wani Bahaushe mai sayar da taba da ya fanshi kansa: a wurin hukuma Elesbão do Carmo, a wurin 'yan'uwansa Dandara, kuma a shagonsa yake koyar da karatu. Mahommah Baquaqua, ɗan Jugu ta ƙasar Benin ta yau, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, ya ba da labarin yadda mai gidan burodin da ya saye shi a Pernambuco yake tara iyali da bayi su durƙusa gaban gumakan waliyyai, bulala a hannunsa don mai gyangyaɗi. Baquaqua ya tsere a New York a 1847, labarinsa ya fito a littafi a 1854.

Ba duk baƙar fata ne suka tsaya a bakin ƙofa ba. Da yawa, musamman mutanen Angola da Kongo da suka san addinin tun daga gida, sun mayar da majami'a mafaka. Suka kafa ƙungiyoyin 'yan'uwantaka, irmandade, masu aiki kamar adashi: kowa ya zuba abin da ya samu, a yi wa mamaci jana'iza ta mutunci, a duba marar lafiya, wani lokaci a taimaka wa ɗan'uwa ya fanshi kansa. Shuɗiyar majami'ar Rosário dos Pretos da ke unguwar Pelourinho su suka gina ta da kansu, tun daga farkon shekarun 1700, a ɗan lokacin da ya rage musu bayan aikin iyayengiji, abin da ya sa ta ci kusan ƙarni guda. Yarbawa kuma suka ɓoye abubuwan bautarsu a bayan waliyyan Katolika. Har yau duk watan Janairu mata masu fararen kaya na wanke matakalar majami'ar Bonfim da ruwan turare, rabin taron na kiran Yesu, rabi na kiran Oxalá na Yarbawa.

Hausawa kuwa suna ne suka yi wajen tawaye. A 1807 gwamnan Bahiya ya bankaɗo shirin da suka ƙulla, wanda suka tsayar wa ranar 28 ga Mayu, ranar bikin Corpus Christi, lokacin da hankalin gari zai koma kan jerin gwanon coci. A 1809 aka sake tashi a yankin gonakin rake. A Fabrairun 1814 ɗaruruwa suka ƙona rumfunan masunta a Itapuã, kuma takardun shari'ar sun kira jagoransu malomi, wanda ba sai an yi wa Bahaushe fassara ba. Mafi girma shi ne na daren 24 zuwa wayewar 25 ga Janairun 1835, a goman ƙarshe na azumi, wanda kuma ya dace da wani biki a majami'ar Bonfim da ke janye masu gari zuwa bayan birni. Mutum wajen 600 suka fito da fararen riguna da layu. A wannan karon Yarbawa Musulmi ne suka fi yawa, Hausawa kaɗan ne. Aka kashe kusan 70 a daren, aka harbe 4 bayan shari'a, aka yi wa da dama bulala. Layun da aka cire daga jikinsu, da rubutun Larabci irin na allo, suna ajiye a gidan adana takardu na jihar Bahiya.

Abin lura shi ne yadda kalandar coci ta zama agogon masu tawaye. Ranar biki ce kaɗai bawa ke samun sararin yawo, kuma ranar ce ubangida ke sakin jiki.

Bayan 1835 Musulunci ya koma ɗaki. Wani jami'in jakadancin Faransa, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawan Bahiya a ƙarshen shekarun 1840 yana tambayarsu garuruwansu, suna lissafa masa Kano da Katsina da Zariya da zangon da ke tsakaninsu. Limamin wani jirgin Daular Usmaniyya, Abdurrahman al-Baghdadi, wanda iska ta kai Rio a 1866, ya tarar da Musulmi na salla a ɓoye, suna kuma kai 'ya'yansu baftisma don ba su da zaɓi. Jikokin nan Katolika suka tashi.

Masallaci mai fuskar majami'a

Waɗanda aka koro, da waɗanda suka tara kuɗin jirgi da kansu, sun dawo gaɓar yammacin Afirka. A Akara ana kiransu Tabom, a Legas da Porto-Novo da Wida kuma Aguda. Wasu Katolika, wasu Musulmi, sau da yawa a gida ɗaya. Lokacin da Fada Borghero na mishan ɗin SMA ya ziyarci Legas a farkon shekarun 1860, ya tarar da su suna taruwa suna addu'a da harshen Fotugal ba tare da limami ba. Su ne tushen majami'ar Holy Cross, kuma maginansu ne suka ɗaga ta.

Sana'ar da suka dawo da ita kenan: gini, kafinta, aikin filasta. Kuma magini abin da hannunsa ya saba shi yake yi. Da attajiri Muhammadu Shitta ya tashi gina masallaci a Legas, João Baptista da Costa ya ba aikin, Ba'agude Katolika. Aka buɗe masallacin a 1894, gwamnan Turawan Ingila na Legas na zaune, ga kuma Abdullah Quilliam na Liverpool da ya kawo wa Shitta sarautar Bey daga Sarkin Musulmin Istanbul. Da Costa ne kuma ya soma tsohon babban masallacin Legas a 1908, almajirinsa Sanusi Aka ya ƙarasa. An rushe wannan a shekarun 1980 don gina sabo, kuma duk mai son tarihi zai ce an yi hasara.

Cikin waɗanda suka tsira akwai babban masallacin Porto-Novo, da aka soma wajen 1912. Hasumiya biyu a gaba, dogayen tagogi, ado na furanni da ganye a filasta, fenti rawaya da kore da ja-ja: in aka ɗauke shi aka dasa a Salvador ba wanda zai waiga. Fataken Hausa da ke sauka zangon garin sun yi shekara ɗari suna sallar Juma'a a ginin da aka kwaikwayo daga majami'un da aka yi wa kakannin wasunsu baftismar dole.

A Fotugal kanta akwai kishiyar wannan. Musulmi sun mulki sassan ƙasar tun daga shekarun 710 har 1249, kuma sunan lardin Algarve daga al-Gharb yake. A garin Mértola, babbar majami'ar garin masallaci ce ta ƙarni na 12. Ƙofofinta masu siffar kofaton doki suna nan, mihrabin ma yana nan a bayan bagade, yana kallon alƙibla.

Fatima

Akwai suna ɗaya da ya yi wannan doguwar tafiya ya iso Kano. Babbar majami'ar Katolika ta Kano, kujerar bishof ɗin da ke kula da Katolikan Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji, sunanta Our Lady of Fatima. Ta Jos ma haka. Musulmi da yawa da ke wucewa ta gaban allon kan yi mamaki: me ya haɗa coci da sunan 'yar Manzon Allah?

Fátima ƙauye ne a tsakiyar Fotugal. A ranar 13 ga Mayun 1917 wasu yara uku masu kiwon tumaki, Lúcia da Francisco da Jacinta, suka ce Maryamu uwar Yesu ta bayyana gare su, kuma ta ci gaba da zuwa wata-wata har Oktoba. Lokacin gwamnatin jamhuriya ta Fotugal na takun-saƙa da coci, har hakimin yankin ya tsare yaran. Biyu daga cikinsu annobar mura ta ɗauke su ba da jimawa ba. Lúcia ta rayu har 2005. Coci ya amince da labarin a 1930, kuma yau miliyoyin mutane ke zuwa wurin kowace shekara, wasu na ƙarasa tafiyar da rarrafe a kan gwiwa don cika alwashi. Daga nan sunan ya bazu a duniyar Katolika, limaman Ailan da sauransu suka riƙa laƙaba shi ga majami'u da makarantu a Nijeriya.

Shi ƙauyen kuwa, sunansa gadon zamanin Musulmi ne. Labarin da mutanen yankin ke bayarwa shi ne wani jarumi, Gonçalo Hermingues, ya kamo wata 'yar sarautar Musulmi mai suna Fatima a ƙarni na 12, aka yi mata baftisma, ya aure ta. Tatsuniya ce ko tarihi, sunan dai na Larabci ne. Ita kuwa Kano, inda sunan ya iso, ta zama cikakkiyar dayosis a 1999, kuma Bishof John Namaza Niyiring ke riƙe da ita tun 2008.

A can Burazil kuwa, ƙasa na motsi. Ƙidayar Burazil ta 2022 ta nuna Katolika sun sauko zuwa kashi 56.7 cikin ɗari, masu bin majami'un bishara sun haura zuwa kashi 26.9. Wadda ta fi ƙaurin suna a cikinsu ita ce Igreja Universal do Reino de Deus, da Edir Macedo ya kafa a Rio a 1977. Macedo ya mallaki gidan talabijin na Record, majami'ar ta buɗe wani gini mai kujeru 10,000 a São Paulo a 2014, ta kuma bazu a Angola da Mozambik da Afirka ta Kudu, har Legas. A Angola fastocinta 'yan ƙasa sun yi wa shugabanninsu 'yan Burazil bore a 2019, suna zarginsu da wariya da kwashe baiko zuwa waje. Majami'ar ta musanta, amma a 2020 hukumomin Luwanda suka rufe wasu gine-ginenta, daga baya kuma limamanta 'yan Burazil da dama suka bar ƙasar. A daidai wannan lokaci majami'un Nijeriya irin su Redeemed suna buɗe rassa a Lisbon da São Paulo, inda fasto ɗan Legas ke wa'azi, tafinta na juya wa jama'a da harshen Fotugal.